Yadda Yaron Bahaushe Ya Koyi Lissafin Kwanaki da Watanni

Tun kafin kalandar takarda ta shigo ƙasar Hausa, yaro yana koyon lissafin lokaci, sai dai ba a zaunar da shi a ce yau darasin ke nan. Kwanakin mako, daga Lahadi zuwa Asabar, waɗanda sunayensu duka aro ne daga Larabci, yakan fara jin su a sunayen 'yan gidansu. Wanda ya tashi tare da Ladi da Talatu da Balarabe da Lami da Ɗanjuma ya riga ya haddace fiye da rabin mako bai sani ba. Makarantar allo ta ƙarasa masa sauran, tun da yake ranar Alhamis da Jumma'a ake hutu.

Watanni kuwa ta hanyar bukukuwa suke shiga kansa. Kafin ya iya faɗin Muharram ya san watan cika-ciki, kafin Rajab ya san azumin tsofaffi, Zulƙida kuwa bawan salloli ne, domin ya faɗo tsakanin ƙaramar Salla da babba. Amma shekarar Hijira kwana 354 ce, watau ta gaza ta rana da kwana 11, saboda haka ba ta da amfani ga manomi wajen sanin lokacin shuka. A nan sai a koma ga taurari. Malaman hisabi sun raba shekara zuwa manzili 28, kowane kwana 13, ban da guda ɗaya mai 14, jimla 365. Wannan ilmi na manya ne. Abin da yake isa kunnen yaro shi ne bazara da damina da kaka da hunturu.

A cikin 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano, daga nan kuma kwanan watan Turawa ya fara hawa kan allon aji kowace safiya. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa sunayen watannin nan duka Bature ya kawo su. Maris da Mayu sun fi kusa da lafazin Larabci, abin da ke nuna malamai sun san watannin rana daga littattafan Magariba tun tuni. Satumba da Oktoba da Disamba su ne kamannin Ingilishi ya fito a jikinsu sarai.

Wahalar da yaro ya tarar a aji ba ta haddace sunaye ba ce. Ta farko, a gida rana tana farawa da faɗuwar rana, shi ya sa daren Jumma'a yake nufin daren da za a wayi gari Jumma'a, alhali a kalanda dare ne na Alhamis, kuma sabon kwana sai sha biyun dare. Ta biyu, idon da ya saba bin allo daga dama zuwa hagu an ce ya bi gidajen lambobi daga hagu zuwa dama, ya kuma ɗaga sama ya nemo sunan ranar. Ta uku ta fi sauran nauyi: kalanda ta yanke tun farkon shekara kwana nawa kowane wata zai yi, shi kuwa watan sama ko 29 ko 30, sai an gan shi, sai kuma sanarwa ta fito daga Sarkin Musulmi. Malamin da bai bayyana wannan bambanci ba yakan bar yaro yana zaton ko dai kalanda ƙarya take yi, ko iyayensa ba su iya ƙirga ba.

Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare na kowa da kowa a Nijeriya a cikin 1976, an bukaci yara masu shekara shida. Iyaye da yawa sun san an haifi ɗansu ran Laraba a watan azumi, shekarar fari, amma ba su da lambar da za a rubuta a rijista. A wurare da dama sai aka koma ga tsohuwar dabara: yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa, in ya taɓa kunnen ɗaya gefen a ɗauke shi, in bai taɓa ba ya dawo baɗi.