Daga Kakakin Rai Buba Zuwa Manhajar Kwamfuta

Masarautar Rai Buba, wadda Faransawa ke rubutawa Rey Bouba, tana kudu maso gabashin Garwa a arewacin Kamaru. Buba Njidda, ɗaya daga cikin ardo-ardon Fulanin Yillaga, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kuma tarihi ya san shi da ƙin sakin wuya ga Modibbo Adama na Yola. Fadar da ya gina tana nan har yau, an kuma shigar da ita jerin wuraren da Kamaru ke nema wa matsayin kayan tarihin duniya a hukumar UNESCO tun 2006. Sai dai katangar ƙasa ba ita kaɗai ce gadon fada ba. Akwai gadon da kunne ke ji, wanda ba ya shiga hoto: kakaki, da algaita, da ganguna, da muryar maroƙi.

A fadojin Fombina, kamar Rai da Garwa da Marwa da Ngaundere, kiɗa sana'a ce ta wasu gidaje, kuma da yawa daga cikin masu ita asalinsu Hausawa ne ko Barebari. Shi ya sa ake jin kirari da Hausa a gaban Lamiɗon da harshen fadarsa Fulatanci ne. Masanin kiɗa Veit Erlmann, wanda ya yi bincike a kan maroƙan yankin Marwa a shekarun 1970, ya rubuta littafi guda a kan wannan sana'a. Abin lura a wancan zamani shi ne, makaɗi ba ya zaɓen abin kiɗansa. Ɗan mai algaita algaita zai busa, kuma kakaki ba a busa wa kowa sai sarki.

Da aka buɗe gidan Rediyon Garwa a 1958, sai kiɗa ya fara fita daga ƙofar fada ya shiga rumfunan kasuwa, har masu sauraro a Yola da Mubi da Maiduguri suka saba da tashar. Bayansa kaset ya zo. Duk da haka, waɗannan na'urori ba su taɓa jikin kiɗan ba, abin da aka kaɗa a gabansu shi suke naɗewa. Ko Ali Baba, ɗan Garwa da ya gauraya kiɗan arewa da jita da gangunan zamani kafin rasuwarsa a 1989, da makaɗa masu jini a jika ya yi aikinsa.

Sauyin gaske daga nesa ya taso. A 1983 kamfanonin kayan kiɗa na Japan da Amurka suka amince da wata ƙa'ida mai suna MIDI, wadda ke bai wa fiyano da kwamfuta damar fahimtar juna. MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni take ajiyewa: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi, aka kuma sake shi yaushe. A kan wannan tubali kamfanin Steinberg na birnin Hambog a Jamus ya fitar da Cubase a 1989. Mu kuwa ta hanyar fiyanon Yamaha abin ya fara iso mana. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda situdiyoyin Kano, irin su na Iyan-Tama, suka rungumi wannan fiyano a shekarun 1990, da yadda waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa kowa cewa mutum ɗaya da yatsu goma zai iya kwaikwayon taron makaɗa. Daga nan kiɗan nanaye ya bi fina-finan Kano ya ƙetara iyaka, ya zauna daram a gidajen biki na Garwa.

Da kwamfuta ta yi araha a shekarun 2000, sai makaɗi ya tsinci kansa gaban tambayar da kakansa bai taɓa fuskanta ba: da wace manhaja zan yi aiki? A taƙaice manhajojin gida biyu ne. Gida na farko na masu jera kiɗa ne, kuma sarkinsu FruityLoops, wadda Didier Dambrin ya ƙirƙira wa kamfanin Image-Line na Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, aka sauya mata suna zuwa FL Studio a 2003. Tana buɗe maka layin gurabe 16, ka danna inda kake son ganga ta faɗi, ita kuma ta yi ta maimaitawa ba gajiya. Gida na biyu na masu naɗar sauti ne, kamar Cool Edit, wadda Adobe ta saya a 2003 ta raɗa mata Audition, da Audacity wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000. Waɗannan zuriyar kaset ne, sai dai suna ba ka damar ɗora murya a kan murya, ka yanke, ka liƙa. Cubase ta haɗa ayyukan biyu, ita ma FL Studio daga baya ta koyi naɗar murya, amma kowace manhaja tana jan hannun mai ita zuwa ga ɗabi'ar da aka haife ta da ita.

A aikace, ba kasafai ake yin zaɓin bisa nazari ba. Yaro yana koyon abin da ya tarar a kwamfutar maigidansa, kamar dai ɗan mai algaita. Sai ƙarfin kwamfutar, domin tsohuwar na'ura 'yar gwanjo ba ta ɗaukar manhaja mai nauyi. Logic kuwa, tun da Apple ta sayi kamfanin da ke yin ta a 2002, ba ta aiki sai a kan na'urorin Apple, wanda hakan ya fitar da ita daga lissafin talaka. Ga kuma wuta. Arewacin Kamaru ya dogara ne da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya, ɗauke wuta ke ƙaruwa. Mai situdiyo da ke lissafin man janareta zai fi son manhajar da za ta gama masa waƙar amarya kafin la'asar.

A nan ne, a ganina, asarar take ɓuya. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau ko ya sauka yana bin karin harshen Hausa, har mai sauraro ya gane sunan wanda ake yi wa take. Mai algaita kuwa yana tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci, busar ba ta yankewa, kuma sautinta yana zamewa tsakanin maɓallan fiyano goma sha biyu, ba ya tsayawa cak a kan ɗaya. Manhajar jera kiɗa tana son kowane bugu ya faɗi a gurbinsa, kowane sauti ya zauna a matakinsa. Ana iya lanƙwasa sauti a cikinta, ana iya kashe guraben baki ɗaya, amma sai wanda ya san abin da yake nema, kuma yake da lokacin nemansa. Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 don gyara kuskuren mawaƙi, ita ma haka take yi wa murya. Ga mawaƙin Fulatanci abin da sauƙi, tunda harshensa ba ya bambanta ma'ana da karin sauti. Bahaushe kuwa karin ne ke raba masa kalma da kalma, don haka duk injin da ke taɓa hawa da saukar muryarsa yana wasa ne a bakin ma'ana.

Ba ina cewa nanaye ba kiɗa ba ne. Ya ciyar da dubban matasa, ya kuma kai waƙar Hausa inda kaset bai taɓa kai ta ba, har wani kamfanin faifai na Amurka, Sahel Sounds, ya tattara wasu daga cikin waƙoƙin a kundin Harafin So a 2013. Abin da nake cewa shi ne, aikin ya kamata ya zaɓi manhaja. Wanda zai haɗa waƙar biki, FL Studio ta ishe shi. Wanda kuwa zai je Rai ranar hawan salla don adana busar fada, abin da yake buƙata shi ne makirufo mai kyau da manhajar naɗa, ya kashe ma'aunin bugu, ya bar makaɗan su ja lokacinsu yadda suka gada, ya rubuta sunan kowane take da wanda ake yi wa shi.

Akwai kuma batun da ya fi ƙarfin injiniya. Da zarar an naɗi busar kakaki sau ɗaya aka yanke ta, ta zama ɗan guntun sauti da ake aikawa ta WhatsApp, a ɗora shi a kan maɓalli. Daga ranar, duk mai kuɗin situdiyo zai iya sa a busa masa, ko ango ne, ko ɗan takarar kansila. A ƙofar fada har yanzu akwai dogarai da za su hana a busa wa wanda bai kai ba, amma ikonsu bai kai cikin kwamfutar wani yaro a wata unguwa ta Garwa ba. Saboda haka mai zuwa naɗar kiɗan Rai ba zai wadatu da izinin kunna na'ura ba. Sai an zauna da shugaban makaɗa an fayyace wa zai riƙe sautin, a ina za a ajiye shi, da kuma waɗanne take ne ba za a yanka a sayar ba.