Emmy Noether: Malamar da Ta Koyar da Sunan Wani

Duk marubucin da ya taɓa ganin guminsa ya fito da sunan wani zai gane tarihin Emmy Noether, ko da kuwa bai san ko alif ba a aljabara.

An haife ta a garin Erlangen na ƙasar Jamus a shekarar 1882. Mahaifinta, Max Noether, shehun malamin lissafi ne. A 1907 ta sami digirin dakta a hannun Paul Gordan, da wani kundi cike da dogayen lissafe-lissafe, wanda daga baya ita da bakinta ta kira shi shirme. (Wane ne a cikinmu bai taɓa jin kunyar rubutunsa na farko ba?) Ta shekara bakwai tana aiki a jami'ar garinsu, ba ko sisin kwabo.

A 1915 David Hilbert da Felix Klein suka gayyace ta zuwa Jami'ar Gottingen. Nan fa wasu malamai suka ce atafau mace ba za ta koyar ba. Sai aka riƙa sanar da darussanta da sunan Hilbert, har zuwa 1919.

To, me ta kawo sabo? Mu ɗauki agogo. Ƙarfe tara in aka ƙara awa biyar, ƙarfe biyu ke nan, amma duk da haka tarawa da ninkawa na tafiya bisa ƙa'ida. Tsari irin wannan masana suna ce masa zobe. A maƙalarta ta 1921, Noether ta ajiye doguwar ƙididdiga gefe, ta dubi ƙa'idojin su kansu, ta nuna cewa sharaɗi ɗaya tak ya isa ya haifar da sakamakon da a da sai an sha wuya ake kaiwa gare shi. Har yau zobban da suka cika wannan sharaɗi da sunanta ake kiran su. A ganinmu nan ne girmanta yake.

Yawancin ɗalibai kuwa ta littafin van der Waerden, wanda ya fito a 1930 da 1931, suka sha karatunta. Sai dai mu yi masa adalci, ya ambaci darussanta a bangon littafin.

A 1933 gwamnatin 'yan Nazi ta kore ta saboda Bayahudiya ce. Ta koma Kwalejin Bryn Mawr a Amurka, inda ta rasu a watan Afrilu na 1935 bayan an yi mata tiyata, tana da shekara 53. Gottingen ba ta taɓa ba ta cikakkiyar kujerar farfesa ba.