Sojojin da Suka Yi Yaƙi Ba Takalmi: Matsalar Sutura a Juyin Juya Halin Amurka

Idan ka kalli zanen sojojin George Washington, za ka gan su tsaf cikin shuɗiyar kwat da farin wando. Amma a shekarun farko na yaƙin neman 'yancin Amurka daga Birtaniya (1775 zuwa 1783), ba haka abin yake ba. A ranar 23 ga Disamba 1777, Washington ya rubuta wa Majalisa daga sansanin Valley Forge cewa sojoji 2,898 ba za su iya fita aiki ba saboda rashin takalmi da sutura. Rundunar kuwa ba ta wuce mutum kusan 12,000 ba. Me ya kawo haka?

Tushen matsalar ya girmi yaƙin. Birtaniya ta daɗe tana son yankunan da take mulka su riƙa sayen yadi daga masaƙunta. Tun 1699 ta kafa dokar da ta hana su fitar da ulu da kayan ulu zuwa waje, don haka sana'ar ba ta girma ba. Da yaƙi ya ɓarke, sai ya zamana wanda ake yaƙa shi ne mai sayar da yadin. Ga shi lokacin ba a ƙirƙiro keken ɗinki ba, kowace riga da allura ake ɗinka ta.

A 1775 Majalisa ta zaɓi ruwan ƙasa ya zama launin kakin soja, domin rininsa ya fi sauƙin samu. Yadin dai bai wadata ba. A 1776 Washington ya ba da shawarar a sa rigar mafarauta ta lilin, mai araha da sauƙin ɗinki. Yana da wata dabara kuma: abokan gaba za su ɗauka duk mai wannan riga gwanin harbi ne.

To me ya sa ake damuwa da launi? Bindigogin zamanin da albarushi suke aiki, harbi kaɗan hayaƙi ya turnuƙe fili. Launin riga ne ke nuna maka naka da wanda ba naka ba. Sannan akwai batun lafiya. Sojan da ke da riga ɗaya tak ba shi da halin wanki, ƙwarƙwata kuwa cikin ɗinkin tufafi take zama, ita ce ke yaɗa zazzaɓin taifus. Likitocin wancan zamani ba su san haka ba. A Valley Forge kusan mutum 2,000 suka mutu, akasarinsu cuta ce ta kashe su.

An yi ta dabaru. A Nuwamba 1776 John Paul Jones ya kama jirgin ruwan Birtaniya mai suna Mellish, maƙare da kayan sanyin sojojinta. A 1777 aka naɗa James Mease shugaban samar da sutura, aka kuma kafa ofishin da ke tattara ƙirgin shanun da sojoji suka yanka, a kai wa majema da dukawa a karɓo takalma. Duk da haka kaya kan maƙale a rumbu saboda rashin keken doki da lalacewar hanya. Kuɗin takardar da Majalisa ke bugawa kuma sai faɗuwa yake: a 1780 ita kanta ta amince cewa dala 40 ta takarda daidai take da dala 1 ta azurfa. Wane ɗan kasuwa ne zai ba da yadinsa a haka?

Sauƙi ya zo ne daga Faransa. A 1778 dubban riguna suka iso, wasu shuɗi wasu ruwan ƙasa. Kowa shuɗin yake so, sai da aka jefa ƙuri'a tsakanin jihohi. A Oktoba 1779 Washington ya ba da umarnin cewa shuɗi ne launin runduna, launin wuya da bakin hannu kuma ya nuna yankin da soja ya fito, misali ja ga Pennsylvania, Delaware, Maryland da Virginia.

Mata ma sun sa hannu. A 1780 Esther Reed ta jagoranci matan Filadelfiya suka bi gida-gida suka tara kuɗi. Sun so a raba wa sojoji a hannu, Washington ya ce a'a, riguna ake buƙata. Bayan rasuwarta, Sarah Franklin Bache ta ƙarasa aikin, suka miƙa riguna fiye da 2,000.

Matsalar dai ba ta kau ba. A ranar 1 ga Janairu 1781 sojojin Pennsylvania suka yi bore, rashin albashi da sutura na cikin ƙorafinsu, kuma yarjejeniyar da ta kwantar da su ta haɗa da alkawarin ba su takalmi da riga. Washington ya sha kaye a fagen daga sau da yawa ya sake tashi. Abin da ya fi tsoro, kamar yadda ya faɗa a wasiƙarsa ta Valley Forge, shi ne rundunar ta watse saboda yunwa da rashin kaya. Da hakan ta faru, da babu sojan da zai kai Yorktown a 1781.