Hana Laima a Akwatin Ajiyar Bindiga na Gida

Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta shekarar 1959 ta ɗora wa mai lasisin bindiga alhakin tsare ta. Saboda haka mafarauta da manoma masu lasisi sukan kulle bindigoginsu a akwatin ƙarfe. Akwatin yana kare bindiga daga ɓarayi da hannun yara, amma idan laima ta shiga cikinsa ba ta da hanyar fita, sai ta zauna a kan ƙarfen. Tsatsa tana cin bututun bindiga daga ciki, kuma bututun da ya ci tsatsa yana iya fashewa a hannun mai harbi.

Gwargwadon laimar da ake so

Ana auna laimar iska da kashi cikin ɗari. Abin da ya dace a cikin akwati shi ne tsakanin kashi 30 zuwa 50. Idan ta haura kashi 60, tsatsa tana saurin kama ƙarfe, funfuna kuma ta kama fata da katako. Da damina, musamman a watan Agusta, laimar iska a arewacin Nijeriya tana wuce wannan iyaka. Da hunturu kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20, har ƙotar bindiga ta bushe ta tsage. Don haka a sa ƙaramin ma'aunin laima mai batir a cikin akwatin, a riƙa duba shi.

Inda laima take fitowa

Daɓen ƙasa da na siminti da bangon laka duk suna tsotsar ruwa da damina. Bindigar da ta sha raɓar farautar dare tana shiga da damshinta. Kuben fata da soso da tsumma suna riƙe ruwa a jikin ƙarfe. Gumin hannu yana da gishiri. Toka da dattin albarushi da ke saura a bindigar gargajiya suna jawo ruwa daga iska, shi ya sa ta fi kowace saurin tsatsa.

Matakan da za a bi

1. A ɗora akwatin a kan katako ko bulo, a bar tazara tsakaninsa da bangon waje. A nisanta shi daga randa da banɗaki da inda rufi yake yoyo.

2. A tabbatar babu harsashi ko albarushi a cikin bindiga kafin a taɓa ta da nufin gyara ko ajiya.

3. Bayan farauta a bar ta ta sha iska, a goge ta, a cire ta daga kube. Bindigar gargajiya a wanke bututunta da ruwan zafi, a busar da shi sarai.

4. A shafa man bindiga ko man keken ɗinki kaɗan, ciki da waje. Kada a yi amfani da man gyaɗa ko manja, domin suna daskarewa su yi danƙo.

5. A sa silika jel, wato ƙwayoyin nan masu tsotsar laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Akwai mai sauya launi idan ya ƙoshi da ruwa. Ana sabunta shi ta gasawa a zafin digiri 120 na ma'aunin Salshiyas na awa 2 zuwa 3. Inda babu shi, busasshen gawayi a jakar yadi yana ragewa, sai dai a riƙa shanya shi a kai a kai.

6. A guji abin tsotsar laima irin wanda yake narkewa ya zama ruwa, domin ruwan nasa gishiri ne mai cin ƙarfe.

7. Harsashi da albarushi a ajiye su daban, a busasshen wuri mai makulli, nesa da wuta.

A buɗe akwatin a duba kowane mako da damina, sau ɗaya a wata da rani. Idan an ga tsatsa ta yi rami a cikin bututu, kada a sake harbi da bindigar sai wanda ya san aikinta ya duba.

Ana kira ga hakimai da dagatai da sarakunan baka da su isar da wannan bayani ga mafarauta kafin faɗuwar damina. Mai neman bayani kan lasisi ya tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankinsa.