Jirgin da ya tarwatse a Tenere: me dokokin duniya suka ce idan gwamnati na da hannu a ta'addanci?

Idan ana maganar yarjejeniyoyin yaƙi da ta'addanci, akwai misali guda da ya faru cikin ƙasarmu.

Ranar 19 ga watan Satumba na shekara ta 1989, jirgin saman kamfanin UTA na Faransa ya tashi daga Brazabil, ya yada zango a Injamena, ya nufi Paris. Yana sararin hamadar Tenere sai bam ɗin da aka ɓoye cikin akwati ya tashi. Mutum 170 da ke ciki duk sun rasu.

Tun shekara ta 1971 akwai yarjejeniyar Montireyal kan kare jiragen farar hula. Ƙa'idarta ita ce: ƙasar da wanda ake zargi yake hannunta, ko ta miƙa shi, ko ta kai shi gaban alƙalanta. To amma idan jami'an gwamnatin ne da kansu ake zargi fa? A nan gizo ke saƙa.

Binciken Faransa ya nuna jami'an Libiya, sai dai gwamnatin Gaddafi ba ta miƙa su ba. A shekara ta 1992 kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saka wa Libiya takunkumi, har da hana zirga-zirgar jiragen sama da saida mata makamai, saboda wannan hari da na jirgin Amurka da ya faɗi a Lokabi a 1988. A 1999 wata kotun Paris ta yanke wa ƴan Libiya shida ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, cikinsu har da Abdullahi Sanusi, surukin Gaddafi. An ɗage takunkumin a 2003, kuma a watan Janairun 2004 gidauniyar Gaddafi ta yarda ta biya diyyar dala miliyan 170, wato miliyan guda kan kowane mamaci.

Daga baya dokokin sun ƙaru. A 1999 ƙasashen Afirka sun sa hannu kan yarjejeniyar Aljas, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da ta hana ba ƴan ta'adda kuɗi. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, ƙuduri mai lamba 1373 ya wajabta wa kowace ƙasa toshe kuɗaɗensu da hana su mafaka. Amma har yau ƙasashe ba su daidaita kan ma'ana guda ta kalmar ta'addanci ba, shi ya sa babbar yarjejeniyar da Indiya ta gabatar tun 1996 ba ta kammala ba.

A 2007 iyalan mamatan, tare da taimakon mutanen yankin, sun gina abin tunawa cikin Tenere: da'irar baƙaƙen duwatsu, fiffiken jirgin a tsaye, da fasassun madubai 170. Allah ya kiyaye gaba.