Daga Hatimin Sarki zuwa Saƙon Waya: Tarihin Takardar Shaida a Ƙasar Rano da Kibiya

Ƙasar Rano, wadda ake lissafawa cikin Hausa Bakwai kuma ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, ta san alkawari da lamuni tun kafin kalmar inshora ta shigo bakin Bahaushe, sai dai a wancan zamani idon shaidu ne ke riƙe magana. Idan manomi a Kibiya ko ƙauyukan kewayenta zai jinginar da gona, wato ya miƙa ta ga wanda ya ba shi rance har ranar da zai biya, a gaban mai unguwa da dattawa ake ƙulla zancen, a zagaya iyaka, a nuna kuka ko tsamiyar da ta raba gonar da ta maƙwabci, sannan a raba goro a shafa fatiha. Haka nan idan gobara ta cinye rumbu, gudummawar dangi da gayya da zakka ne ke tayar da wanda ya yi asara, kuma babu mai neman rubutu kafin ya taimaka.

Wannan bai nuna jahilcin rubutu ba, domin malamai sun san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Amma alƙalan mazhabar Malikiyya, masu dogaro da littattafai irin su Tuhfa ta Ibn Asim, sun fi ba shaidar adalai nauyi, saboda ana iya ƙirƙirar rubutu ko a sauya shi. Inda takarda ta yi ƙarfi shi ne harkar sarauta: wasiƙar da ta fito daga fadar Kano zuwa ga hakimi da Larabci ake rubuta ta, da alƙalamin kara da tawada, a buga mata hatimin sarki, a naɗe a damƙa wa manzo, wanda shi ma sai an san fuskarsa da ubangidansa kafin a gaskata abin da ya kawo.

Zuwan Turawan Ingila, waɗanda suka ci Kano a 1903, shi ya sa takarda ta shiga gidan talaka, kuma ta ƙofar haraji ta shigo. Magidanci yakan biya kuɗinsa ta hannun dagaci a ba shi rasit, makiyayi ya biya jangali, wato harajin shanu, shi ma a ba shi nasa, a ninke a ɓoye cikin hula ko jakar fata, domin matafiyin da aka tare babu takardar ya shiga uku. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma fahimtar da suka bari ta daɗe a zukata, cewa takarda abu ne da hukuma ke tambaya, ana riƙe ta don tsira daga kamu, ba a ɗauke ta a matsayin haƙƙin da mai ita zai nema ba.

A kan wannan fahimta inshora ta tarar da mutane. Kamfanin Royal Exchange ya buɗe ofis a Legas a 1921 don kare hajar manyan 'yan kasuwa, amma talaka ta hanyar mota ya san ta, bayan dokar 1945 da ta wajabta wa mai abin hawa inshorar da za ta biya wanda ya buge. Direban da ke jigila tsakanin Rano da Kano yakan sayi takardar ne don nuna wa ɗan sanda, bai karanta ta ba, bai kuma sa ran diyya ba, abin da ya buɗe wa masu buga jabu kasuwa. Inshorar noma, wadda gwamnatin tarayya ta fara a 1987, ta fi isa ga manomi ta hanyar bashin banki, ciki har da masu noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga a yankin Bunkure. Ga kuma ƙyamar malamai saboda riba da garari, wato ciniki a kan abin da ba a san tabbacinsa ba, wadda ta sa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, tsarin da mahalarta ke tara gudummawa don tallafa wa wanda masifa ta afka wa a cikinsu.

Batun aika takardar inshora ta waya ko intanet ya bi hanyoyi daban-daban a ƙasashe. A Amurka, inda dokar McCarran-Ferguson ta 1945 ta bar kula da inshora a hannun jihohi, majalisun jihohi ne ke halatta hakan, kuma galibi da sharaɗin mai inshora ya amince tukuna. A Najeriya kuwa tsarin mulkin 1999 ya keɓe inshora ga majalisar tarayya, don haka Majalisar Dokokin Kano ba ta da hurumin yin irin wannan doka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya ba kotu damar karɓar abin da kwamfuta ta fitar, gyaran da aka yi mata a 2023 ya faɗaɗa amincewa da sa hannu na lantarki, sannan aka sa wa sabuwar dokar inshora hannu a 2025. Yanzu direban da ya biya naira 15,000, kuɗin da aka ƙayyade wa ƙaramar mota ta gida tun Janairun 2023, yana iya duba lambar motarsa a rumbun bayanan kamfanonin inshora ya tabbatar ko inshorarsa ta gaskiya ce.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin saƙon waya ba ya jiƙewa da damina, gara ba ta cin sa, kuma ya rage jabu. Sai dai bai magance tsohuwar cutar ba, tun da yarjejeniya mai shafuffuka da yawa cikin Turancin lauyoyi, wadda aka tura wa manomin Kibiya a ƙaramar wayar da ba ta buɗe irin wannan saƙo, ko a layin da zai iya ɓata gobe, ba ta sanar da shi komai game da haƙƙinsa ba. Ya wajaba NAICOM da kamfanoni su fitar da sharuɗɗan da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa mutum su a gaban wanda ya amince da shi, a nemi yardarsa kafin a koma waya, a kuma ba duk wanda ya buƙaci takarda a hannu tasa ba tare da ƙarin kuɗi ba.