Jiragen sama masu rimot: yadda ake tuƙa su, yadda ake yi musu kwaskwarima da abin da doka ta tanada

Jirgin sama mai rimot ƙaramin jirgi ne da ba ya ɗaukar mutum, wanda matuƙinsa ke tsaye a ƙasa yana sarrafa shi da na'urar da ke aika umarni ta iskar rediyo. Yana da fukafukai da wutsiya da farfela kamar babban jirgi, kuma ƙa'idar da ke ɗaga jirgin fasinja sama ita ce ke ɗaga shi. Akwai wanda nauyinsa bai kai na wayar hannu ba, akwai kuma wanda faɗin fukafukansa ya haura mita 3, sai an kwance shi kafin ya shiga mota. Jama'a kan haɗa shi da jirage marasa matuƙa masu farfela huɗu da ake ɗaukar hoton biki da su, amma da bambanci: mai farfela huɗu kwamfutar cikinsa ce ke riƙe shi a sama, yana iya tsayawa cak wuri guda, shi kuwa mai fukafukai dole ya ci gaba da gudu, in ya tsaya ya faɗo.

Asalinsa

Ƙananan jirage sun riga manya tashi. A shekarar 1871 wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya tayar da ɗan jirgin da murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa a wani lambu a birnin Paris, shekara 32 kafin 'yan uwan nan biyu na gidan Wright su tashi da jirgi mai inji a 1903. Su ma sha'awar tasu ta faro ne daga wani abin wasa mai farfela da mahaifinsu ya kawo musu a 1878. Sarrafa abu daga nesa kuwa, Nikola Tesla ya nuna shi a New York a 1898 da wani ɗan jirgin ruwa.

Tagwayen nan na jihar Michigan a Amurka, Walter da William Good, na cikin waɗanda suka fara haɗa abubuwan biyu. Sun tayar da jirginsu mai rimot wanda aka fi sani da Big Guff, kuma yanzu yana hannun gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, AMA, an kafa ta a 1936. Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, ita ke tsara gasa da tantance bajinta, kuma an yi gasar duniya ta farko ta wasan alkafura da jiragen rimot a ƙasar Suwizalan a 1960.

Bajintar da ta fi ɗaukar hankali ita ce ta Maynard Hill, dattijo ɗan shekara 77 wanda idonsa ya riga ya yi rauni ƙwarai. A watan Agustan 2003 jirginsa mai suna TAM 5 ya tashi daga Newfoundland a Kanada ya sauka a gaɓar yammacin Ayalan, tafiyar kusan kilomita 3,000 a kan tekun Atilantika cikin awa 38 da minti 52. Nauyin jirgin duk da mansa bai wuce kilo 5 ba, domin ƙa'idar FAI ba ta yarda ya wuce haka ba. Da rimot aka tayar da shi, na'urar GPS ta ja ragamarsa a tsakiyar teku, wani matuƙin kuma ya tarbe shi da rimot a ɗaya gaɓar. Jirage huɗu da ya aika kafin wannan duk ba su isa ba.

Kayan cikinsa

Rimot ɗin yana da sanduna biyu da ake motsawa da manyan yatsu. A tsarin da ya fi yaɗuwa, sandar hagu ce ke ƙara wa inji wuta ko rage ta, ta kuma juya ƙyauren wutsiya na tsaye. Sandar dama ke ɗaga hancin jirgi ko sunkuyar da shi, ta kuma karkata shi gefe ta hanyar ƙyaurayen da ke bayan fukafukai. A cikin jirgin akwai rasiba mai karɓar saƙo, sai ƙananan na'urori da ake kira sarbo waɗanda ke ja da tura waɗannan ƙyauraye. Kowane aiki guda yana da layinsa. Jirgin koyo yana wadatuwa da layi 3 ko 4.

A da, ana aika saƙon ne a kan mita 27 ko 35 ko 72 na megahaz, kuma idan mutum biyu suka kunna rimot a kan zango ɗaya, jirgin da ke sama ya ruɗe ya faɗo. Shi ya sa a filayen kulob ake rataye allo, kowa ya ɗauki alamar zangonsa kafin ya kunna. Daga wajen 2005, lokacin da kamfanin Spektrum ya fitar da rimot mai aiki a kan gigahaz 2.4, wannan matsala ta kau, domin kowace rasiba tana gane rimot ɗin da aka ɗaura ta da shi ne kaɗai.

Jikin jirgin a al'ada da icen balsa ake yin sa, wani ice mara nauyi da akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, a lulluɓe shi da leda ta musamman wadda ake ɗamewa da zafin dutsen guga. Yau yawancin jiragen koyo da robar kumfa ake yin su, dangin wadda ake tallafe sabon firji da ita a kwali. Ba ta da kyan balsa, amma idan ta karye gam ke gyara ta cikin rabin awa, kuma ga mai koyo wannan ya fi kyan gani muhimmanci.

Ga iri uku daga cikin injinan. Akwai mai shan mai na musamman, haɗin sinadarin metanol da nitrometen da man shafawa, mai ƙara da hayaƙi. Akwai injin jet na gaske mai shan kananzir, wanda tsadarsa da haɗarinsa suka sa sai ƙwararru. Sai injin lantarki mai aiki da batirin litiyom, wanda ya mamaye harkar cikin shekara 20 da suka wuce, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa a nan, tunda man musamman ɗin ba a samun sa a gidan mai.

Kwaskwarima, inda ake yawan tafka asara

Kusan duk wanda ya iya tuƙi sai hannunsa ya fara ƙaiƙayin canza wani abu: babban inji, ƙarin batir, kyamara, fitilu. A nan rabin daɗin harkar yake, a nan ne kuma kuɗi suka fi salwanta, domin kayan jirgi a sarƙe suke da juna.

A ɗauki batir. Kowane ɗaki na batirin litiyom yana ba da bolt 3.7, don haka mai ɗaki uku yana ba da 11.1, mai ɗaki huɗu 14.8. A jikin injin akwai lambar da ke nuna juyi nawa yake yi a minti kan kowane bolt guda. Inji mai lamba 1,000 zai yi juyi kusan 11,100 a minti da batir mai ɗaki uku idan babu farfela a kansa. Mutum ya ga ƙarin ɗaki ɗaya kamar ƙarin sulusi ne kawai. To amma ƙarfin da farfela ke buƙata yana hauhawa ne ninki kan ninki: idan juyinta ya ƙaru da sulusi, wutar da take ja za ta haura ninki biyu. Sakamakon shi ne na'urar da ke daidaita gudun inji ta ƙone a sama, wani lokaci tare da injin. Wanda ya ƙara ɗakin batir, sai ya rage girman farfela, ya kuma auna wutar da ake ja da mita a ƙasa kafin ya tashi. Lambobin da ke jikin farfela, misali 10x6, na farko faɗinta ne a inci, na biyu kuma nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya. Ƙara ko wanne daga ciki ƙarin kaya ne ga inji.

Abu na biyu shi ne cibiyar nauyi, wato inda jirgi ke daidaita idan aka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike tana faɗawa ne tsakanin kwata zuwa sulusin faɗin fiffiken daga gaba. Idan nauyi ya rinjaya gaba, jirgin zai yi taurin kai ya sauko da gudu, amma ana iya kawo shi gida. Idan ya rinjaya baya, ko da 'yar tazara ce, zai riƙa ɗaga hanci yana kifawa har ya fi ƙarfin matuƙi, kuma da wuya ya tashi karo na biyu. Gam ɗin da aka zuba wajen gyaran wutsiya kaɗai ya isa ya matsar da cibiyar, saboda nisan wutsiya daga tsakiya. Duk gyara komai ƙanƙantarsa, a sake ɗora jirgin a yatsu.

Na uku nauyi ne baki ɗaya. Kowane jirgi yana da mafi ƙarancin gudun da in ya gaza shi fukafukai za su daina riƙe shi. Ƙarin nauyi na kashi 20 cikin 100 yana ɗaga wannan gudu da kusan kashi 10, wanda ke nufin saukowa da sauri da buƙatar fili mai tsawo. A ganina mafi amfanin kwaskwarima ita ce wadda ba ta burge kowa: ƙarfafa fiffike da siririyar sandar kabon, canza sarbo mai haƙoran roba da mai na ƙarfe, da sake liƙa wayoyi da dalma yadda ya kamata. Wannan na ƙarshe duk mai gyaran waya a kasuwa ya iya shi.

Koyo da yanayinmu

Abin da ke fara ruɗa mai koyo shi ne idan jirgi ya juyo yana fuskantarsa, damarsa ta koma hagun jirgin. Ana maganin wannan da manhajar koyon tuƙi a kwamfuta, inda faɗuwa ba ta cin ko kwabo, ko kuma a haɗa rimot biyu, malami ya karɓi ragama da zarar ɗalibi ya rikice. Jirgin koyo na gari shi ne mai fiffike a saman jiki, mai tafiya a hankali. Kwafin jirgin yaƙi, duk da shi ne ke jan ido, ba na mai farawa ba ne. Ana tashi da sauka ne ana fuskantar iska.

Yanayin Arewa yana da nasa sharuɗɗa. Hazon hunturu yana ɓoye ƙaramin jirgi daga ido tun bai yi nisa ba, musamman fari ko ruwan toka, ƙura kuma tana cin ƙarafan inji. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato, iska kan yi sako-sako, fiffike da farfela su rage kamu, inji kuma ya yi saurin ɗaukar zafi. Haka ma a Jos, saboda tudun da ya kai kusan mita 1,200. Safiya kafin iska ta taso ita ce lokacin da ya fi.

Batirin litiyom shi ne abu mafi haɗari a harkar. Ba a cajinsa fiye da bolt 4.2 kan kowane ɗaki, ba a zuƙe shi ƙasa da 3, kuma idan za a ajiye shi kwanaki a bar shi a kusan 3.8. Sai da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan. Wanda ya kumbura ko ya huje a daina amfani da shi. Barin sa a cikin motar da aka rufe a rana, ko a jona shi a kwanta barci ana jiran a kawo wuta, na iya tayar da gobarar da ke da wuyar kashewa. A yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule, mutum yana wurin. Farfela ma tana yanka har ƙashi, don haka a cire ta kafin a taɓa saitin rimot a cikin ɗaki.

Doka

Tun bayan yaɗuwar jirage marasa matuƙa, ƙasashe suka daina kallon jirgin rimot a matsayin abin wasa. Amurka ta fara tilasta rajistar duk wanda ya haura giram 250 a watan Disambar 2015. A Disambar 2018 rahoton ganin jirage marasa matuƙa ya sa aka rufe filin jirgin sama na Gatwick a Ingila, abin da ya shafi tashi da saukar jirage kusan 1,000, kuma Birtaniya ta fara tata rajistar a 2019. Ƙa'idojin da aka fi tarayya a kansu su ne kada a wuce mita 120 sama, kada jirgi ya ɓace wa idon matuƙi, kada a bi ta kan taron jama'a, kuma a nisanci filayen jiragen sama.

A Najeriya, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ta sanar a watan Mayun 2016 cewa ba a yarda a tayar da jirgi mara matuƙi a sararin ƙasar ba sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Ofishin ne kuma ke bayar da takardar shaidar mai amfani da kaya, wadda ake nema kafin shigo da jirage marasa matuƙa. A watan Janairun 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta haramta amfani da irin waɗannan jirage ba tare da izini ba a yankin Arewa maso Gabas.

Ɗan kasuwar da ke shirin yin odar kwali guda don ya gwada kasuwa, ko ma'aikacin da zai sayo wa ɗansa a hanyar dawowa daga tafiya, ya kamata ya fara tuntuɓar NCAA kan ajin da jirgin ya faɗa kafin ya biya kuɗi, domin kaya na iya maƙalewa a hannun kwastam. Batiran kuma a jakar hannu kamfanonin jiragen sama ke yarda a ɗauko su, ba a cikin akwatin da ake awo ba, kuma waɗanda ba su wuce awa-wat 100 ba ne ke wucewa ba tare da neman izinin kamfani ba. Batir mai ɗaki uku na jirgin koyo bai kai wannan iyaka ba. A fili kuwa, jami'in tsaron da ya hango abu yana shawagi kusa da bariki ko gidan gwamnati ko gidan gyaran hali ba zai tsaya tantance ko da kyamara a jikinsa ba. Kafin a tashi ko a filin ƙwallon bayan gari ne, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma riƙe takardun izini a aljihu.